Hotunan Zanen Bagaden Gent: Nazari a kan Iyakar Shaidarsu

A birnin Gent, cikin ƙasar Beljiyam, akwai wata babbar majami'a mai sunan Waliyyi Bavo, a cikinta kuwa akwai wani zane wanda Turawa su ke lissafawa cikin manyan ayyukan hannu na ƙasashensu. Tun shekarar 2010 a ke ɗaukar hotunan wannan zane, taƙi bayan taƙi, da na'urori masu ganin abin da ido bai iya gani, ana kuwa yin haka ne tare da aikin gyaransa. Waɗannan hotuna su ne abin dubawa a nan. Amma kafin a shiga magana sai a daidaita kalmomi biyu, gama Bahaushe ya kan ce hoto ga abin da aka yi da hannu da abin da aka ɗauka da kyamara duka. A wannan takarda in an ce zane ana nufin aikin fenti da burushi a kan katako, in an ce hoto ana nufin abin da na'ura ta ɗauka.

Zanen nan alluna ne na katako da aka haɗa su kamar ƙyauren ƙofa, a buɗe su, a rufe. In an buɗe, tsawonsa ya haura ƙafa 11, faɗinsa ya kusa ƙafa 15, alluna goma sha biyu a jeri biyu. A jerin sama akwai mai sarauta zaune bisa kursiyi, Maryamu a gefe guda, Yahaya Mai Baftisma a ɗaya gefen, sa'an nan mala'iku masu waƙa da masu kiɗa, Adamu da Hawwa'u kuma can a ƙarshe. A jerin ƙasa akwai fili mai ɗanyar ciyawa, Ɗan Rago yana tsaye bisa bagade a tsakiya, jama'a suna tahowa wurinsa ƙungiya ƙungiya. In an rufe, sai a ga wasu alluna takwas na baya, cikinsu har da siffar attajirin da ya biya kuɗin aikin, Joos Vijd, da matarsa Elisabeth Borluut, suna durƙushe. Wani rubutu na Latin a jikin katakon da ya kewaye allunan ya nuna Hubert van Eyck ne ya fara aikin, ƙanensa Jan ya ƙarasa, aka miƙa shi ran 6 ga Mayu, 1432. Hubert ya rasu tun 1426.

Wahalar da zanen ya sha ba ta da iyaka, amma a taƙaice ga ta. An ɓoye shi a hasumiya a 1566 don gudun masu farfasa siffofi. Sojan Faransa sun kwashe allunan tsakiya zuwa Faris a 1794. An sayar da yawancin allunan gefe a 1816, suka ƙare a Balin, inda aka tsaga su da zarto a 1894 don a rataye ciki da baya a jere. Sai a 1920 aka mayar da su bisa yarjejeniyar ƙarshen yaƙi. An sace allo guda a 1934. Jamusawa sun ɗauke sauran a 1942, aka same su a 1945 cikin ramin haƙar gishiri a Altaussee, ƙasar Ostiriya. Kowace tafiya ta bar tabonta, kowane tabo kuma ya sami mai gyara. Babban gyara na farko da aka yi da taimakon ɗakin bincike shi ne na 1950 zuwa 1951, ƙarƙashin Paul Coremans, wanda ya shugabanci hukumar da a yanzu a ke kira KIK-IRPA, watau hukumar adana kayan tarihi ta Beljiyam.

A 2010 aka kwance allunan don a duba lafiyarsu, Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba da gudummawar kuɗi, aka ɗauki hotuna iri huɗu. Na farko hoto ne na kusa ƙwarai cikin haske irin wanda ido ya ke gani. Na biyu da na uku an ɗauke su da hasken infirared, wanda ya ke ratsa yawancin launuka ya tsaya a kan baƙin gawayi, don haka ya kan fito da layukan da mai zane ya fara shatawa kafin ya sa fenti. Na huɗu hoton eksire ne, irin wanda a ke ɗaukar ƙashi da shi a asibiti. Shi kuwa farin fenti mai darma ya ke tare shi, sai ya nuna inda aka kauri fenti, da inda ya ɓare aka cike, da ƙusoshi da mahaɗin katako. Ba a ɗauki kowane allo da ɗauka guda ba. An bi shi gutsure gutsure, kwamfuta ta ɗinke gutsattsarin. A 2012 aka sa su duka a intanet da sunan Closer to Van Eyck, ma'anarsa matsowa kusa da Van Eyck, ƙarƙashin jagorancin Ron Spronk, aka ce jimlar ɗigon da ke cikinsu ta kai biliyan 100.

Tilas a faɗi alherin wannan aiki tun da fari, domin yana da yawa. Jan van Eyck mutum ne mai zana abin da ba lalle wani ya taɓa gani ba. A ƙirjin ɗaya daga cikin mala'iku masu waƙa akwai wani shuɗin dutse mai daraja, a jikin dutsen nan ya zana inuwar taga, ƙanƙanuwa ƙwarai, irin tagogin ɗakin da aka yi zanen dominsa. Gashin ƙafar Adamu ɗai ɗai ya ja shi. Masana tsirrai sun gane iri fiye da 70 a cikin filin Ɗan Rago, kowanne da ganyensa da furensa. Daga 1986 zanen yana cikin akwatin gilashi mai kauri, ko babban masani sai dai ya hango. Hotunan nan sun kawar da gilashin. Abin da ya fi wannan kuwa, mai dubawa yana iya jera hoto na ido da na eksire gefe da gefe a kan wuri guda, ya gwada da kansa. Dā in masani ya ce ya ga kaza a ƙarƙashin fenti, sai a karɓa don girmansa ko a ƙi don ƙiyayya. Yanzu ɗalibi yana iya cewa a nuna masa. Wannan ba ƙaramin canji ba ne a fagen da aka daɗe ana cin abinci da suna.

To, amma ga inda gizo ya ke saƙa. A watan Oktoba na 2012 aka fara babban gyara a gidan adana zane-zane na Gent, a bayan gilashi, jama'a suna kallo. Aka fara da allunan baya guda takwas. Niyyar farko ita ce a cire tsohon man ƙyalli da ya yi rawaya, da ƙananan gyare-gyaren baya-bayan nan. Da aka cire, sai masu gyara suka tarad da abin da ba wanda ya zata: kusan kashi 70 cikin 100 na fuskar allunan nan ba fentin Van Eyck ba ne. Wani ne ya bi ya sake shafe tufafi da bango da fenti nasa, tun ƙarni na 16. Watau hotunan 2010, masu ɗigo biliyan 100, waɗanda aka raɗa wa suna matsowa kusa da Van Eyck, a waɗannan alluna sun matso ne kusa da wani mutum dabam wanda ba a tabbatar da sunansa ba. Sun nuna aikinsa sarai, har sawun gashin burushinsa, ba su kuwa ce uffan game da ko hannun wane ne ba.

Ya kamata a tsaya a ga dalilin da ya sa haka ta faru, don kada a ɗora laifi inda bai dace ba. Mai shafen nan gwani ne. Ya bi siffofin da ya tarar, bai ƙirƙiro sababbi ba, ya kuma yi aiki da launuka irin waɗanda a ke da su a zamanin Van Eyck, gama tsakaninsu bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Fenti in ya tsufa ya kan tsattsage kamar laka a bakin tafki da rani, masana kuwa sun saba gane sabon shafe da cewa ya kan rufe tsagar da ke ƙarƙashinsa. A nan shafen ya tsufa tare da asalin har shekara ɗari huɗu da hamsin, tsagar ƙasa ta ratso ta sama, suka zama ɗaya. Hoton eksire kuma ba ya rarrabe hawa da hawa, ya kan tattara duk kaurin allo ya zube a shafi guda. Wanda ya saba da littattafan hannu ya san irin wannan. In mai kwafi ya yi kuskure na jahilci, nan da nan a ke kama shi. Wanda ya ke da wuyar kamawa shi ne mai kwafi malami, wanda ya ga baiti ya yi masa kamar ya karye, ya gyara shi da kalma mai kyau, mai daidai da ma'auni, har almajirai su haddace gyaran su ɗauka na mawallafi ne. Kyawun tawada da tsabtar takarda ba su taimaka wajen gano shi.

Abin da ya tona asirin abubuwa ne da yawa a haɗe. Akwai idon masu gyara a kan madubin ƙara girma, da 'yan ƙananan tagogi da suka buɗe da wuƙar fiɗa. Akwai ɓarɓashin fenti da aka yanka a kaikaice aka ga hawa hawa, da man ƙyalli da datti kwance tsakanin na sama da na ƙasa, alamar an daɗe kafin a zo da na saman. Akwai wata na'ura ta Jami'ar Antwerp mai bin allo ɗigo ɗigo tana fitar da taswirar kowane ƙarfe da ke cikin fenti, darma dabam, zaiba dabam, tagulla dabam, wadda ta nuna fentin asali yana nan da lafiyarsa, ɓarnar kaɗan ce. Sa'an nan akwai wata tsohuwar shaida da ba ta da na'ura ko kaɗan: kwafin da Michiel Coxie ya zana wa Sarki Filibus na Biyu na Sifen a 1557 zuwa 1558. Kwafin nan ya nuna tufafin yadda mai shafe ya mai da su, don haka shafen ya riga shi. Hoto ya shiga cikin waɗannan duka, amma a matsayin mai riƙe wa masu bincike abin da suka gani, su kuwa suka yi hukunci.

Hukuncin da aka yanke, bayan shawara da kwamitin masana na ƙasashe, shi ne a kankare shafen. Aka bi shi da wuƙar fiɗa a ƙarƙashin madubi, kashi na farko ya ƙare a 2016. Abin da ya fito ya isa a yi murna da shi. Ninkin rigar Joos Vijd ya koma mai zurfi, inuwar mutane ta bayyana a bango, har da saƙar gizo da Van Eyck ya zana a kusurwar ɗakin. Duk da haka akwai magana a nan wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. Fentin da aka kankare ba ya komowa. Shi ne kuwa abin da kowa ya gani tun kafin 1557, shi masana suka yi ta yabo, a kansa aka gina rabin abin da aka rubuta game da salon Van Eyck a waɗannan alluna. Yau ba shi a ko'ina sai a cikin hotuna. Ta haka hotunan 2010 suka sami wata daraja da ba a nufe su da ita ba, suka zama makwancin aikin wani gwani na ƙarni na 16. Hujjar masu gyara tana da ƙarfi, gama asalin yana nan, ya kuma fi kyau nesa. Sai dai akwai haɗari cikin sabo da cewa ai an ɗauki hoto. Wuƙa ta fi saurin sauka in mai riƙe da ita ya tabbata akwai abin da zai nuna in an tambaye shi. Abin da ya sa aikin Gent ya tsira daga wannan zargi shi ne an ajiye hotunan kafin gyara, da na lokacin gyara, da na bayansa, duka a buɗe ga kowa. Wanda zai yi koyi da su ya yi koyi da wannan, kada ya ɗauki wuƙar kaɗai.

Maganar fuskar Ɗan Rago ta nuna wata illa dabam. An gama kashi na biyu na gyaran a ƙarshen 2019. Mai shafe na ƙarni na 16 ya mai da kan dabbar kamar na tunkiya sosai, idanu a gefe. Tun 1951 aka ɗan kankare kewayen kan, kunnuwan asali suka leƙo, dabbar ta zauna da kunne huɗu kusan shekara 70, ba wanda ya ta da jijiyar wuya. Da aka cire sauran shafen sai ga idanu a gaba suna duban mai kallo, da baki da hanci masu kama da na mutum. A watan Janairu na 2020 hoton fuskar nan ya bazu a duniya, aka yi ta ba'a, wasu har suna cewa an ɓata zanen. Binciken da masanan Antwerp da na Washinton suka buga a wannan shekara ya tabbatar idanu da hanci suna inda fentin asali ya sa su. Amma abin lura shi ne yadda aka yi kallon. Kan Ɗan Ragon bai kai tafin hannu ba, yana tsakiyar allo mai faɗin fiye da ƙafa bakwai, mutane da yawa kewaye da shi, an kuwa yi shi don a hango daga nesa. Idon da zai kama mai kallo daga can tilas ya yi ƙarfi. Masu ba'a sun gan shi an yanke shi daga jikinsa da filinsa, an cika gilashin waya da shi. Ko fuskar amarya aka yi wa haka sai an sami abin faɗi.

Nan ne babbar kasawar hoto na kusa ta ke. Ba shi da girma nasa na kansa, ƙwayar ido da hasumiya duk faɗinsu ɗaya a fuskar kwamfuta. Ba shi kuma da wuri. Van Eyck ya zana hasken allunan duka yana fitowa daga dama, daidai da tagogin ɗakin Vijd inda aka fara kafa zanen, har ya zana inuwar katakon firam tana faɗuwa a daɓen ɗakin da Jibrilu ya ke yi wa Maryamu albishir, kamar hasken majami'a ne ya ke shiga cikin zanen. Ƙafar Adamu ta dama an zana ta yatsu a ɗage, ana hango ƙarƙashinsu, domin mai kallo yana ƙasa, Adamu yana sama. Mai ɗaukar hoto kuwa dole ya haska allo daidai wa daida ta kowane gefe, ya tsaya tsaye a gabansa, in ba haka ba gutsattsarin ba su ɗinkuwa. Abin da ya sa hoton ya zama abin dogara ga mai bincike shi ne ya kashe wannan dabara ta mai zane. Haka nan buɗewa da rufewa. A ranakun aiki zanen a rufe ya ke, launukansa a kwance, sai ranar idi a buɗe, ja da kore da zinariya su bayyana gaba ɗaya. Masu nazarin harshe sun san kwatankwacin wannan: ana iya rubuta magana da alamar karin sauti da tsawon wasali a kan kowace gaɓa, rubutun ya fi na yau da kullum cika nesa, a rasa dai sanin ko da wa a ke maganar, ko a fada ne ko a kasuwa. (Gaskiya ita ce majami'ar ma ba ta mayar da zanen ɗakin Vijd ba, tun 2021 yana wani ɗaki, cikin sabon akwatin gilashi. Ba hoto kaɗai ya raba shi da tagoginsa ba.)

Akwai wani mataki kuma da ya kamata malamai su san da shi. Allunan Adamu da Hawwa'u ba su je Balin ba, don haka ba a tsaga su ba, suna da zane ciki da baya. Hoton eksire nasu ya haɗa fuskokin biyu a cakuɗe. A 2019 wasu masana lissafi na Landan da na Jami'ar Duke ta Amurka suka koya wa kwamfuta ta raba cakuɗen nan gida biyu, tana dogara da hotunan ido na kowace fuska. Sakamakon yana da tsabta ƙwarai. Sai dai ba wata kyamara da ta taɓa ɗaukar waɗannan hotuna biyu, ƙiyasi ne na lissafi da aka ba shi kamannin hoto. Yana da amfani muddin an faɗi sunansa. Haka kuma maganar da KIK-IRPA ta fitar a 2021, cewa a allon tsakiya akwai aikin Hubert a ƙasa, Jan ya zo ya ɗora nasa, har ya mai da idon ruwa ya zama ginannen marmaro. Hotunan infirared sun nuna hawa biyu ne. Sa wa hawan nan sunayen wa da ƙane kuwa fassara ce ta masana, mai ƙarfi, wadda ta jingina da rubutun Latin ɗin nan, musamman da ya ke ba wani zane da aka tabbatar na Hubert ne shi kaɗai balle a gwada.

Kashi na uku na gyaran, na jerin sama, an fara shi a 2023, kuma kowane allo da aka taɓa yana ƙara wa tarin hotunan wani hawa. Allo guda ne ba zai shiga ba. Na Alƙalai Masu Adalci, wanda aka sace daren 10 ga Afrilu, 1934, har yau ba a gan shi ba, abin da ya rage nasa tsofaffin hotuna ne marasa launi. Da su da kwafin Coxie Jef Van der Veken ya zana madadinsa, ya gama a 1945, shi ne a gurbin har yanzu, a kusurwar hagu ta ƙasa. Ya bi asalin iyakar iyawarsa, amma ya ba ɗaya daga cikin mahayan fuskar Sarki Leopold na Uku na Beljiyam, wanda aka haifa kusan shekara 470 bayan an gama zanen.